Sauke wa Tsohuwar Kwamfuta Kaya: Rahoto Daga Ƙonni, Malbaza da Illela

Duk wanda ya taɓa zama bisa benci a ɗaya daga cikin shagunan buga takardu na Birnin Ƙonni da hantsi, sa'ad da masu takardar neman aiki, da masu takardar cinikin gona, da ɗaliban da ke son a buga musu kundin kammala karatu suka jeru kowa na jiran a zo kansa, ya san irin shirun da ke sauka a shagon bayan an danna maɓallin kunna kwamfuta, shirun da ba a jin komai a cikinsa sai kukan fanka da ƙarar kabu-kabu daga bakin titi. Ni kaina na zauna a irin wannan benci, riƙe da takarda shafi uku kacal, ina kallon 'yar da'irar nan tana ta juyawa a fuskar na'ura, har mai shayi na gefe ya haɗa ya kawo, aka sha, aka mayar masa da kofuna, shafin rubutu bai buɗe ba. Saurayin da ke riƙe da shagon ya share gumi, ya dube ni cikin jin nauyi, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, tsufa ne ya kama ta." Na ce masa haƙuri kam ya zama wajibi, amma hukuncin da ya yanke wa na'urar ina da ja a kansa, domin ƙarfe ba ya gajiya yadda ɗan Adam ke gajiya, kuma ƙwaƙwalwar da aka ƙera a 2011 tana lissafi yau da saurin da take yi ran da ta fito daga masana'anta, muddin ba zafi ne ya matsa mata ba. Abin da ya sauya shi ne kayan da aka ɗora mata.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke aiki a wannan yanki, tun daga Ƙonni da Tsarnawa, zuwa Malbaza da Galmi, har Badagishiri da Illelar Adar, ba sababbi aka saye su ba. Na hannu ne, waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su cikin kwantena zuwa tashoshin jiragen ruwa na Ikko ko Kwatano ko Lome, sa'an nan suka bi hannun 'yan kasuwa, wasu ta Yamai bisa babbar hanyar da ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi, wasu kuwa ta Kano da Sakkwato, suka ƙetaro iyaka ta ɗaya Illelar, wato ta Nijeriya, wadda ke 'yan kilomitoci kaɗan kudu da Ƙonni. Za ka ga HP da Dell da Lenovo da Toshiba, wasu har da lambar ofishin da suka baro manne a bayansu. Da su ake cika takardun kwastan a bakin iyaka, da su ake wanke hoton fasfo, da su malamin lakwal ke shirya tambayoyin jarrabawa, da su kuma ƙungiyar manoman albasa ke riƙe lissafin buhunan da suka fita. Sabuwa kuwa kuɗinta jikkuna ɗaruruwa ne, abin da mai ƙaramin shago ba zai tara ba sai bayan dogon lokaci, saboda haka mas'alar tsawaita ran tsohuwar ba ta sha'awa ba ce a nan, ta neman abinci ce.

Kafin a shiga magani ya kamata a fahimci illar, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki misalin mai awon hatsi a kasuwa. Yana da rumbu inda ya tara kayansa, yana da tabarma inda yake baza abin da zai sayar a wannan sa'a, shi kansa kuma yana zaune da tiya a hannu yana awo. Rumbun shi ne faifan ajiya, wanda a tsofaffin kwamfutoci faranti ne na gaske da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allura na bin sa tana neman abin da aka rubuta. Tabarmar ita ce ma'ajiyar wucin gadi da masu gyara ke kira ram, mai awon kuwa shi ne ƙwaƙwalwar, wato furosesa. To, idan tabarma ƙarama ce, aka kuma cika ta da tarkacen da ba mai saye, duk wanda ya zo awo sai mai kaya ya tashi ya tafi rumbu ya dawo, kuma komai zafin namansa layi zai yi tsawo. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, wanda ya ƙago harshen shirya manhaja mai suna Pascal, ya yi kuka a kan wannan tun 1995, inda ya nuna cewa nauyin manhajoji yana ƙaruwa fiye da yadda saurin na'urori ke ƙaruwa, kuma zamani ya gaskata shi: Windows XP, da ya fito a 2001, ram mai megabait 128 ake ba da shawarar a ba shi, alhali Windows 11 na 2021 ba ya karɓar ƙasa da gigabait 4, wato ninki 32.

Amma kamar yadda malamanmu ba su shiga babin salla sai sun gama babin tsarki, haka nan wannan aiki yana da sharaɗin da ke gabansa, wato a kwafe duk takardu da hotuna masu muhimmanci zuwa wani faifai na waje ko filashi kafin a taɓa komai. Ina faɗin haka da ciwo a zuciya. Shekarun baya na kai tawa kwamfutar wurin wani mai gyara saboda nauyin da ta yi, na tafi sallar azahar, kafin in dawo ya yi mata abin da suke kira fomatin, wato ya share faifan ƙaf ya zuba sabon Windows, ba tare da ya tambaye ni abin da ke ciki ba. A ciki akwai muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na naɗa tana lissafa mini sunayen kakanninmu da garuruwan da suka zauna, kuma ba ni da wani kwafi. Na'urar ta yi sauri ƙwarai, amma har gobe in na tuna sai in ji da ma na haƙura da nauyinta. Fomatin yana da muhallinsa, sai dai shi ne makami na ƙarshe, kuma abin takaici shi ne a shaguna da yawa ya zama na farko, domin ya fi sauƙi a kan zama a binciki illa.

Akwai wata wahala da ta keɓanta da garuruwan bakin iyaka irin namu, wato rabin na'urorin da Faransanci suke magana, jeren haruffansu ya fara da AZERTY, sauran kuwa da Ingilishi, jerensu ya fara da QWERTY, har yaron da ya koyi aiki a kan wadda ta zo ta Yamai yakan rikice in an ajiye masa wadda ta zo ta Sakkwato. Maganin wannan yana cikin wasu gajerun kalmomi da ba su canzawa ko da wane harshe na'urar ke magana. Idan aka danne maɓallin da ke ɗauke da tambarin Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai buɗe, a rubuta kalmar a ciki, sai ta kai mutum ƙofar da yake nema kai tsaye. Ta farko da zan ba mai karatu ita ce sysdm.cpl, wadda in ta buɗe, a shafi na huɗu daga hagu akwai wurin ajiye alamar komawa baya, ta yadda in an yi kuskure a saiti za a iya mayar da na'ura halin da take ciki kafin a taɓa ta. A lura dai, wannan alama saiti take tsarewa, ba ta maye gurbin kwafe takardu.

Babban aiki, wanda a ganina ya fi duk sauran amfani, shi ne rage manhajojin da ke tashi tare da na'ura. Kusan kowace manhaja da aka zuba, ko ta hira ce, ko ta sauke bidiyo, ko ta haɗa waya da kwamfuta, ko ta wata firintar da ta lalace aka jefar tun shekara uku, takan rubuta sunanta a cikin jerin waɗanda za a tayar da zarar an kunna, ba tare da ta nemi izinin mai na'ura ba, sa'an nan ta zauna bisa tabarmar nan tun safe har dare ko ba a neme ta ba. A Windows 10, a rubuta taskmgr, ko a danne Ctrl da Shift da Esc gaba ɗaya. Idan tagar ta fito ƙarama a danna rubutun da ke ƙasanta don ta buɗe sosai, a je shafi na huɗu, wanda Faransanci ke kira Démarrage, Ingilishi kuma Startup. A Windows 7 kuwa msconfig ake rubutawa, shi ma shafi na huɗu, tare da gargaɗin kada a taɓa shafi na biyu, domin can ne asalin tashin na'urar yake. A shagon saurayin nan da na ambata, da muka buɗe wannan jeri sai da muka gangara ƙasa kafin mu ga ƙarshensa, kuma da na riƙa tambayarsa ɗaya bayan ɗaya ko yana aiki da wannan, mafi yawa bai ma san da zamansu ba. Wasu tun daga ofishin Turai suka biyo na'urar, wasu abokansa suka zuba suka manta. Ƙa'idar da na bi da shi ita ce wadda nake bai wa kowa: abin da ka san shi kuma ba ka bukatarsa da sassafe, dakatar da shi, abin da ya shafi rigakafin ƙwayar cuta, ko sauti, ko madannai da linzami, bar shi, abin da ba ka gane ba kuwa, kada ka yanke masa hukunci da zato, ka tambaya tukuna. Dakatarwa ba sharewa ba ce, manhajar tana nan, ranar da aka bukace ta a buɗe ta da hannu. Waɗanda aka tabbata ba su da amfani sam, a rubuta appwiz.cpl a cire su ɗungum.

Wannan taga ta taskmgr tana da wata fa'ida da ya kamata kowane mai shago ya sani, domin a Windows 10 shafinta na farko yana nuna, da kashi cikin ɗari, yadda ƙwaƙwalwa da ram da faifai ke shan aiki, da sunan manhajar da ke cin kowanne. Wanda ya ga faifai ya tsaya a kan ɗari bisa ɗari alhali ƙwaƙwalwa na hutawa ya san ba a ƙwaƙwalwa illar take ba, kuma ba wanda zai ruɗe shi ya sayi abin da ba shi ne magani ba.

Sai kuma ado. Tun daga Windows Vista da Windows 7 aka ƙawata tagogi da gilashi mai nuna abin da ke bayansa, da inuwa, da lumshewa a hankali in za su rufe, kuma duk wannan ƙawa aiki ne a kan na'ura. A koma sysdm.cpl, shafi na uku, a danna maɓallin farko na sama, za a ga zaɓi huɗu a jere. Na uku shi ne wanda ke fifita sauri a kan kyau. Da an zaɓe shi fuskar na'ura za ta koma fayau ba kwalliya, amma tagogi za su riƙa buɗewa nan take. Ina ba da shawara a mayar da abu biyu daga cikin jerin da ke ƙasa, wato wanda ke gyara gefen haruffa don kada karatu ya gajiyar da ido, da wanda ke nuna ƙananan hotuna a madadin tambari, musamman ga masu shagon hoto, waɗanda ba za su iya aiki ba sai suna ganin fuskokin da ke cikin fayil.

Share rumbu ba ya bukatar dogon bayani. Kalmar cleanmgr tana tattaro tarkacen da na'ura ta tara, da abin da ke kwandon shara, da ragowar tsohon Windows in akwai, wanda shi kaɗai yakan ci gigabait masu yawa. A dai karanta jerin kafin a amince, domin a wasu nau'o'in Windows 10 ma'ajiyar abubuwan da mutum ya sauko da su daga intanet tana ciki. A bar wa faifai sarari kamar kashi 15 cikin ɗari. Kalmar dfrgui kuma tana harhaɗa gutsattsarin fayilolin da suka warwatsu a kan faranti don allura ta daina yawo. Windows 7 ya ajiye wa wannan aiki ƙarfe ɗaya na daren Laraba, lokacin da shagunan Ƙonni ke kulle, na'urori na kashe, don haka yana da kyau a yi shi da hannu lokaci lokaci. Wannan na faifai mai juyawa ne kawai. Sabon nau'in da ake kira SSD ba ya bukatarsa.

Akwai mas'alar da masu gyara suka yi saɓani a kanta, kuma adalci shi ne a kawo ta yadda take. A cikin services.msc akwai wasu hidimomi biyu, ɗaya mai suna SysMain, wadda a da ake kira Superfetch, aikinta ta yi hasashen manhajar da za ka buɗe ta ɗauko ta tun kafin ka nema, ɗayar kuwa Windows Search, mai bin fayiloli tana rubuta fihirisarsu don nema ya yi sauƙi. Niyyarsu alheri ce, amma a na'ura mai ƙaramin ram da faifai mai juyawa sukan riƙe faifan har mai aiki ya rasa hanya. Wasu na cewa a kashe su ko da yaushe, wasu na cewa kada a taɓa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a gwada ɗaya, a yi aiki kwana biyu ko uku, in an ga sauƙi a bar ta a kashe, in ba a gani ba a mayar, domin hukuncin yana bin halin kowace na'ura. Inda ba na karɓar saɓani shi ne shawarar da wasu ke bayarwa ta kashe wurin da Windows ke aro a kan faifai idan ram ya cika. Wanda ya kashe shi a na'ura mai gigabait 2 ko 4, ranar da ya buɗe babban aiki manhajar za ta rufe a fuskarsa, aikin ya salwanta. A bar wa Windows ya tafiyar da wannan da kansa.

Na sha ganin kwamfuta ɗauke da manhajar rigakafi biyu, har uku, mai ita yana ganin ya ƙara tsaro, alhali kowace tana binciken duk fayil ɗin da aka taɓa, tana kuma binciken 'yar'uwarta, aikin da ya isa ya durƙusar da sabuwar na'ura balle tsohuwa. Ɗaya ta isa, kuma Windows 10 ya zo da tasa a ciki. Haɗarin da ya fi yawa a shagunanmu ta filashi yake shigowa, domin filashi ɗaya yakan zaga lakwal da ma'aikatar magajin gari da shagon hoto a yini guda, yana ɗauke da ƙwayar nan da ke ɓoye fayilolin mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na ƙarya masu 'yar kibiya a gefe, wanda duk ya danna ɗaya ya buɗe mata ƙofa. A hana na'ura buɗe filashi da kanta, a kuma bincike shi kafin a shiga. Game da manhajojin da ke tallar kansu a intanet da alkawarin ninka sauri da dannawa ɗaya, ra'ayina a kansu a fili yake: mafi yawansu ƙarin kaya ne a kan jakin da ake son sauke wa kaya, wasu ma ɓarna suke shigowa da ita, kuma kamfanin Microsoft da kansa bai goyi bayan masu da'awar wanke rajistar Windows ba.

Wanda ke jona kwamfuta da wayarsa don samun intanet, ko ta Airtel ce ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, ya san zafin ganin megan da ya saya sun ƙare bai buɗe komai ba. Windows 10 ne ke saukar da sabuntawa a ɓoye, yana cin mega yana kuma riƙe faifai. A cikin saitin Wi-Fi akwai wurin da ake shaida masa cewa wannan layin a ƙididdige yake, sai ya rage. Amma kada wannan ya zama dalilin barin sabuntawa har abada, domin a watan Mayu na 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, ta wata kafa da an riga an fitar da maganin toshe ta wata biyu kafin nan. A zaɓi rana, a sami wuri mai wadatar layi, a yi sabuntawar da gangan. Haka kuma a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kowane shafi da aka bari buɗe yana da rabonsa a tabarma, kuma shafi ashirin sun fi ƙarfin ram mai gigabait 4.

Duk abin da na ambata zuwa nan a kan kowace ƙasa yake hawa, amma akwai abin da ya fi tsanani a namu yanki, wato zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yakan haura digiri 40 a inuwa, da hunturu kuma iska na kwaso ƙurar da ke shiga ko'ina, balle a Malbaza, garin da masana'antar siminti ke aiki tun shekarun 1960, manyan motoci na shiga da fita dare da rana. An ƙera furosesa da dabarar kare kanta, wato idan zafinta ya kusanci digiri 100 sai ta rage saurinta da kanta don kada ta ƙone, kuma mai na'ura ba zai ga wata sanarwa ba, sai dai ya ga aikin da ke tafiya lafiya da safe ya koma jan ƙafa bayan azahar. Na ga an buɗe wata kwamfutar cinya a gabana, aka zaro daga tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya wani dunƙulen ƙura da zare mai kauri kamar audugar katifa, ya toshe mafitar iska ruf. Da aka cire shi, aka goge busasshen man da ke kan furosesa aka shafa sabo, kukan fankar ya kwanta har ana jin maganar mutum. Saboda haka kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta da ɗan katako don iska ta ratsa, a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe. A cikin powercfg.cpl kuma akwai tsarin tanadin batir, wanda ke rage sauri da gangan, da tsarin cikakken ƙarfi, wanda ke ƙara zafi. A yanayinmu matsakaicin shi ne daidai. A kula da caja ma, domin wasu samfura, irin na Dell, idan ba su gane cajar da aka jona musu ba sukan rage saurin ƙwaƙwalwa, mai ita yana can yana zargin tsufa.

Wutar lantarki ita ma tana da hannu a ciki. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, kaso mai yawa na wutar Nijar daga Nijeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna halin da aka shiga bayan an yanke ta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Kwamfutar tebur da wuta ke ɗaukewa tana tsakiyar rubutu a kan faifai, sau da yawa takan tashi da rauni a tsarin fayilolinta, raunin da ke taruwa har ya zama nauyi, don haka ƙaramin akwatin batir da ke ba da 'yan mintoci a kashe na'ura cikin natsuwa ya cancanci kuɗinsa. Idan kuma agogon na'ura ya riƙa komawa wata tsohuwar shekara duk sa'ad da aka kunna, shafukan intanet suna ƙin buɗewa, ɗan batir ne mai kamar kwabo, lambarsa CR2032, ya mutu a ciki, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne cewa a Windows 10 kashewa ba ta wanke ƙwaƙwalwa sarai, domin yana adana wani sashe don ya tashi da wuri. Zaɓin sake kunnawa shi ke farawa daga tushe, ya kamata a riƙa yin sa ko sau ɗaya a mako.

Da muka gama da na'urar saurayin nan, tsakanin la'asar da magariba, ba tare da an sayi ko ƙusa ba, ya kashe ta ya kunna, kafin ya gama gyara takardun da ke kan tebur shafin rubutu ya buɗe. Bai ce komai ba, sai ya ɗauko littafin da yake rubuta bashi, ya juya bayansa, ya ce in sake faɗa masa kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta.

Gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar wannan magani. Saiti yana sauke kaya, amma ba ya faɗaɗa tabarma, ba ya kuma gyara rumbun da ya tsage. Faifan da ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa ajalinsa ya kusa, abin yi kawai a kwashe abin da ke ciki a ranar. Wanda ke da 'yan kuɗi, babu abin da zai saya ya ga canji kamar musanya faifai mai juyawa da SSD, wanda ba shi da faranti ba shi da allura, sa'an nan ƙarin ram, bisa sharaɗin ya san cewa Windows mai bit 32 ba ya amfana da abin da ya haura gigabait 4, sai mai bit 64. Akwai kuma batun wa'adi: Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014, da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da, a wajen Intel, ba ta girmi ƙarni na takwas ba, sharuɗɗan da galibin na'urorin shagunanmu ba su cika ba. Na'urar da ke buga takardu kawai, ba ta hawa intanet, za ta iya ci gaba da hidima in ana tsare ta daga filashi. Amma wadda ake shiga asusun kuɗi da ita, barin ta a kan Windows ɗin da aka daina toshe wa kafa ganganci ne da dukiyar mutane. Ga irin wannan akwai Linux Mint da Lubuntu, masu maye gurbin Windows, waɗanda kyauta ne halal, ba satar lasisi a ciki, suna da sauƙin nauyi, suna magana da Faransanci, kuma manhajar LibreOffice da ke cikinsu tana buɗe takardun Word da Excel, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yakan ɗan gurɗe, kuma a gwada firinta kafin a yanke shawara.

Akwai kuma wani dalilin tsawaita ran tsohuwar na'ura, wato shara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana a mayar da nahiyar juji na shara mai guba, amma na'urar da muka jefar bayan shago, yara suka fasa ta suna ƙona wayoyinta don neman jan ƙarfe, hayaƙinta a huhun 'ya'yanmu yake sauka, kuma jefar da abin da bai mutu ba israfi ne ko da a hannun mai wadata, balle a hannun wanda ya tara kuɗinsa dala dala.

Ina roƙon shugabannin makarantu da na ma'aikatun magajin gari a Ƙonni da Malbaza da Illelar Adar su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su fito da kwamfutocin da aka jingine da sunan sun mutu, su ba wani mai sani yini guda ya duba su, domin na tabbata za a sami waɗanda za su koma aji yara su koyi aiki a kansu. Ku kuma 'ya'yana masu gyara, na'urar da aka ajiye a teburinku amana ce, kuma abin da ke cikinta sau da yawa ya fi ta daraja a wurin mai ita. Kada ku yi mata fomatin sai kun tambaye shi ko ya kwafe abin da ke ciki, in ya fita ku jira ya dawo.